Ƙurajen Ƙasan Fampas: Ruwa da Iska Kafin Man Kemis

Da wuya a yaye yaro bai taɓa yin ƙuraje ko saɓar fata a wurin da fampas ko nafkin ke rufewa ba. Abin ya fi kama yara tsakanin wata 9 zuwa 12, lokacin da suka fara zama da rarrafe, suka kuma fara cin wani abu bayan nono. Da yake an saba ganinsa, kowa da bayanin da yake bayarwa: wata ta ce haƙori ne, wata ta ce ɗankanoma, wata ta ɗora wa uwa laifin shan zaƙi. Daga nan sai a aika yaro kemis, ya dawo da man shafawa mai ƙarfi. A ganina a nan ake yin kuskuren. Mafi yawan waɗannan ƙuraje ba cuta ba ce da ta fito daga cikin jiki, fata ce ta daɗe a jiƙe cikin fitsari da kashi har ta gaji, kuma maganinta na farko shi ne a raba ta da abin da ke cin ta.

Duk macen da ta wuni tana wanki ta san yadda fatar hannunta ke yin laushi ta tattare, har ƙaramar guga ta iya yi mata rauni. Haka fatar jariri take yi a cikin jiƙaƙƙen fampas, ga shi kuma tasa ta fi ta babba rashin ƙwari. Fitsari shi kaɗai ba ya yin ɓarna sosai. Ɓarnar tana zuwa ne idan ya haɗu da kashi, domin ƙwayoyin halittar da ke cikin kashin suna fasa wani sinadari na fitsari ya koma amoniya, wato warin nan mai hawa kai da ake ji idan an kwance nafkin ɗin da ya kwana. Lafiyayyar fata tana da ɗan tsami da ke kare ta. Amoniya tana kashe wannan tsamin, idan kuwa ya tafi sai sinadaran narkar da abinci da suka biyo kashi su farka, su shiga aiki a kan fatar yaron kamar yadda suke yi wa abinci a cikin hanji. Shi ya sa zawo na kwana biyu kan saɓe ɗuwawun jariri, shi ya sa kuma jariran da ke shan nonon uwa zalla ba su cika fama da abin ba, saboda kashinsu ya fi tsami.

Gane irin ƙurjin shi ne rabin aikin. Wanda danshi da guga suka jawo yana fitowa ne a tudun fata, inda fampas ke taɓawa kai tsaye: ɗuwawu, saman cinyoyi, mara da gaba. Idan aka buɗe matsematsi aka duba can cikin lanƙwasa, sai a ga lafiya lau, domin ƙazantar ba ta kai can sosai. Akwai kuma nau'i na biyu wanda kandida ke jawowa, wani naman gwari mai son ɗumi da laima. Shi wannan cikin lanƙwasar ya fi kamawa, yana sheƙi, gefensa a fili, da ƙananan ɗige-ɗigen ƙuraje warwatse a kewayensa. Yakan biyo bayan ƙurjin da ya wuce kwana uku bai lafa ba, ko bayan yaro ya sha antibayotik, wani lokaci tare da fari-fari a harshe da cikin kumatu wanda ba ya goguwa kamar ragowar nono. Littattafai da yawa suna cewa a duba ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Wurin kan yi duhu ne ko ya yi haske fiye da sauran jiki, ya yi ɗumi, yaron kuma ya riƙa tsala kuka idan ana yi masa tsarki. Bayan warkewa ma wurin yana iya yin fari-fari na makonni ko watanni kafin launin ya dawo, kuma wannan ba sabuwar cuta ba ce da za a nema wa wani man.

Maganin nau'in farko ba ya buƙatar takardar likita. A canja wa yaro da zarar ya yi kashi, a kuma riƙa duba shi akai-akai ko da fitsari ne kawai. A wanke wurin da ruwa mai ɗan ɗumi, daga gaba zuwa baya musamman ga 'ya mace, ba tare da sabulu mai ƙamshi ko ruwan kashe ƙwayoyin cuta ba, domin duk suna ƙara raɗaɗi. A dangwala tsumma mai taushi har ya bushe, kada a dirza. Sannan a shimfiɗa zani a bar shi tsirara ya sha iska gwargwadon iko, sau da yawa a wuni. Idan za a mayar da fampas sai a shafa basilin marar turare, ko man da aka rubuta zinc oxide a jikinsa, don ya shiga tsakanin fata da ƙazanta, a kuma ɗaure da sassauci. Yawanci cikin kwana uku za a ga sauƙi. Na kandida ne ke buƙatar magani na musamman irin clotrimazole ko nystatin, kuma ma'aikacin lafiya ya kamata ya gani ya faɗa.

Uwa za ta iya cewa man kemis ɗin nan na uku-a-ɗaya da maƙwabciyarta ta ba ta ya share ƙurjin cikin dare ɗaya, to mene ne laifinsa? Gaskiya ta faɗa, yana sharewa, kuma saurin nan ne tarkon. Irin waɗannan mayuka suna ɗauke da siteroyid mai ƙarfi. A duba kwalin za a ga betamethasone ko clobetasol. Aikinsa shi ne danne kumburi, ba ya taɓa dalilin da ya kawo shi, saboda haka da an daina sai ƙurjin ya dawo, a sake shafawa, a haka har ya zama man yau da kullum. Fatar da ta saɓe kuma aka rufe ta da leda cikin ɗumi tana zuƙe magani fiye da fatar da ke fili, ga jariri kuma jikinsa ƙarami ne, ɗan abin da ya shiga jini ya ishe shi. Likitocin yara sun sha ganin jariran da fuskarsu ta kumbura, girmansu ya tsaya, garkuwar jikinsu ta yi rauni saboda wannan shafe-shafen na watanni. Kumatun da ake yi wa kallon ƙiba a wurin irin wannan yaro alamar lahani ce. Ko fatar wurin kanta sirancewa take yi. Idan kumburin ya yi tsanani har ana buƙatar siteroyid, likita kan ba da mafi sauƙinsa, hydrocortisone mai kashi 1 cikin 100, na kwanakin da ba su wuce bakwai ba.

Hujja ta biyu da iyaye za su iya kawowa ta fi nauyi, wato tsada. Faɗin a canja fampas sau shida ko takwas a rana abu ne mai sauƙi a baki, amma magidancin da ke sayen ɗaiɗai a shago ya san abin da hakan ke nufi, shi ya sa ake barin guda ya wuni har ya yi nauyi. Sai dai lissafin bai tsaya nan ba, domin kuɗin da aka tsimi yakan tafi wurin magani. Kuma ba dole ba ne a zaɓi tsakanin fampas mai yawa da fampas ɗaya. Iyayenmu sun yi reno da tsumma, suna barin yaro ba wando a tsakar gida, suna ɗora shi a ƙafa ya yi kashi tun yana 'yan watanni. A wannan fannin dai dabararsu ta dace da abin da ilimin fata ke cewa. Ana iya ajiye fampas don dare da fita unguwa, da rana a koma nafkin na yadi. Sharaɗinsa shi ne a cire shi da ya jiƙe, a ɗauraye omo ya fita tas, a shanya a rana. Wandon roba da ake ɗorawa a kai, musamman a zafin bazara ko a cikin goyo, shi ne ke mayar da nafkin ya fi fampas illa.

Hoda kuwa gara a haƙura da ita. Tana dunƙulewa a matsematsi idan ta haɗu da danshi, ƙurarta kuma tana iya shiga huhun jariri.

Batun haƙori yana da haɗarinsa na daban, domin da sunansa ake zama a kan zawo ana jiran ya wuce da kansa. Yaron da ke zawo yana buƙatar ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara tun 2004, kuma muddin zawon bai tsaya ba ƙurjin ma ba zai tsaya ba. Asibiti ya zama dole idan an yi kwana uku ana kula yadda ya kamata babu sauƙi, ko wurin ya yi ƙuraje masu ruwa, mugunya ko ɓawo mai ruwan ɗorawa, ko yana zubar da jini, ko ya bazu zuwa ciki da baya da fuska. Ƙurjin da ya ƙi warkewa a jikin yaron da ke ramewa, ko ƙafafunsa suka kumbura, yana iya zama alamar tamowa. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, idan jikinsa ya yi zafi ko ya ƙi kama nono, a ranar ake kai shi, ko da ƙurjin bai kai faɗin tafin hannunsa ba.