Zane Da Wayar Hannu: Sabuwar Hanyar Neman Abinci A Jalingo

A zamanin da, idan mai shago a Jalingo yana son a rubuta sunansa a bisa ƙofa, sai ya nemo mai fenti da buroshi, su yi ciniki, a kwana biyu ko uku ana jiran allo ya bushe. Idan kuwa katin ɗaurin aure ne, sai an je maɗaba'a, mai jera haruffa ya tsinto su ɗaya bayan ɗaya. Yau ga shi zamani ya juya, har saurayin da bai taɓa riƙe buroshi ba yana iya zama a gindin darbejiya a Kachalla Sembe, ya tsara kati cikin wayarsa tun shayinsa bai huce ba, ya aika wa mai shi ta WhatsApp, kuɗinsa su shigo masa ta banki.

Ita dai Kachalla Sembe ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Jalingo. Garin kuwa, wanda Sarkin Muri Muhammadu Nya ya mayar mazauninsa wajen shekarar 1893, ya zama babban birnin Jihar Taraba ran 27 ga watan Agusta 1991, sa'ad da aka raba tsohuwar Jihar Gongola. Tun daga lokacin ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta tuttuɗowa, sa'an nan a 2008 aka kafa Jami'ar Jihar Taraba, ɗalibai suka ƙaru. Duk inda jama'a suka taru haka, to, ba a rasa mai neman a tsara masa takarda. Ga katin biki da na suna, ga sanarwar Mauludi da ta walimar saukar Alƙur'ani, ga ta taron coci da bikin Kirsimeti, ga tallan makarantu masu zaman kansu, ga kuma fastocin 'yan siyasa da kan lulluɓe bango duk kakar zaɓe.

Manhajar da ta fi sauƙaƙa wannan aiki ita ce Canva. Wata mata 'yar ƙasar Ostareliya, Melanie Perkins, da abokan aikinta Cliff Obrecht da Cameron Adams ne suka fito da ita a 2013, hedkwatar kamfanin kuwa tana birnin Sidni. Dabararsu ita ce su tanadi dubban zane-zane shiryayyu, mutum ya zaɓi wanda ya kwanta masa, ya sauya rubutu da hoto da launi. Akwai sashen kyauta, akwai kuma na biya wanda ake kira Canva Pro. A ƙarshen 2024 kamfanin ya ba da sanarwa cewa masu amfani da manhajar kowane wata sun wuce mutum miliyan 200.

Hanyoyin samun kuɗi da ita uku ne. Ta fari ita ce aikin unguwa, watau kati ko sanarwa, a biya a wuce wurin. Ta biyu ita ce mutum ya ƙulla da mai shago, ko mai sayar da atamfa da turaren wuta, ko mai gidan abinci, yana tsara masa talla a Facebook da Instagram, ana biyansa wata-wata. Ta uku ita ce neman aiki daga ƙasashen waje a kasuwannin intanet irin su Fiverr da Upwork. Wannan ta ƙarshe ita ta fi ruɗar samari saboda jin sunan dala, amma can gasa ce da gwanaye na Indiya da Pakistan da sauran duniya, sabon shiga kuwa yakan daɗe bai ga mai ɗaukarsa aiki ba.

To, amma a nan gizo ke saƙa. Sauƙin da ya buɗe wa saurayi ƙofa shi ne ya buɗe wa maƙwabcinsa, har ma da mai ba da aikin kansa. Abin da kowa ke iya yi ba a sayensa da tsada, kuma Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Saboda haka kuɗin ba a cikin manhajar suke ba, suna cikin abin da mai zane ya sani wanda manhajar ba ta sani ba. Abubuwa uku ne ke raba gwani da ɗan koyo.

Na farko shi ne harshe. Hausa tana da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutun boko tun shekarun 1930. Fulatanci kuma, wanda ke da masu jinsa da yawa a ƙasar Muri, yana da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ, kamar yadda taron masana na Bamako ya daidaita a 1966. Da yawa daga cikin salon haruffan da Turawa suka ƙera ba su da waɗannan, sai mutum ya rubuta ƙ ya ga ta fito daban da 'yan'uwanta, ko wani ɗan akwati ya tsaya a madadinta. Malalacin mai zane sai ya sa k ya wuce. Ta haka ne katin da ke nufin girmama manyan baƙi kan wayi gari yana kiran dattawan gari manyan baki. Wanda ya zauna ya gwada salon haruffa ɗaya bayan ɗaya, ya ware masu ɗaukar Hausa da Fulatanci, ya kuma iya ƙa'idar rubutu, ya san inda ake sa Alhaji da Hajiya da sarautar mutum, ya riƙe abin da gwanin Legas ko na Indiya ba shi da shi.

Na biyu shi ne sanin halin maɗaba'a. Fuskar waya tana haɗa launi da haske iri uku, ja da kore da shuɗi, injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake aiki. Shi ya sa launin da ke ƙyalli a waya kan fito a dushe a takarda, mai biki ya ce ba haka aka nuna masa ba. Har ila yau hoton da aka turo ta WhatsApp yadda aka saba yakan ragu, idan aka faɗaɗa shi a kan babbar bana sai fuska ta dagule. Maganinsa shi ne a nemi a turo shi a matsayin fayil. Ana kuma barin rarar kamar milimita 3 a gefen zane domin wuƙar yanka takarda. Yawancin masu buga takardu a Nijeriya da CorelDRAW suka saba, saboda haka ya kyautu mai zane ya tambayi mai inji irin fayil da girman da yake so tun kafin ya fara.

Na uku shi ne doka da amana. Sharuɗɗan Canva ba su yarda mutum ya ɗauki zane shiryayye ya sayar da shi yadda yake ba, kuma tambarin da aka haɗa da hotunan rumbun kamfanin ba a yi masa rajista a matsayin alamar kasuwanci ta mutum ɗaya. Wanda ya karɓi kuɗin ɗan kasuwa bai gaya masa haka ba, ya ci amanarsa. Haka kuma masu tallan Canva Pro na har abada a kan kuɗi kaɗan, galibi cusa mutum suke yi cikin asusun wasu, ranar da aka rufe asusun kuwa aikin jama'a na iya salwanta tare da shi. Yin amfani da hoton da wani ya ɗauka ba da izninsa ba shi ma laifi ne a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023.

Bayan wannan sai lissafi. An janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, a watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi farashinta, duk abin da ke da alaƙa da dala ya yi tsada. A Janairu 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100. Ga kuɗin cajin waya ranar da babu wutar lantarki. Mai zanen da bai sa waɗannan cikin farashinsa ba, uwar kuɗinsa yake ci bai sani ba. Masu hankali sukan karɓi kafin alƙalami, su faɗi sau nawa za a yi gyara, su kuma sa mai aiki ya karanta sunaye da kwanan wata da idonsa kafin a kai maɗaba'a.

Wani abin lura shi ne, tun watan Oktoba 2023 Canva ta shigo da kayan aikin ƙirƙirarriyar basira, masu tsara zane daga 'yan kalmomi kaɗan. Wato aikin da bai wuce sauya suna a kan zane shiryayye ba, kwanansa ya kusa ƙarewa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ya wajaba saurayi ya ɗauki Canva a matsayin matakin farko, ya ƙara da CorelDRAW ko Photoshop, da ɗaukar hoto, da haɗa bidiyo. Shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar a 2023 domin horar da matasa miliyan 3 yana daga cikin ƙofofin da aka buɗe don irin wannan.

Tsohon mai fenti na Jalingo ba buroshi ne ya ciyar da shi ba, kyawun hannunsa ne da cika alkawari. Magajinsa na Kachalla Sembe, ko da yake waya ce a hannunsa, da wannan mudu za a auna shi. Kowa ya iya allonsa ya wanke.