Jirgin ƙasa na wasa mai kwamfuta: Yadda ake kamo shot ɗin da ke zuwa ya ɓace

A Amurka da Jamus da Ingila akwai mutanen da ke ware ɗaki guda a gida su shimfiɗa ƙaramin layin dogo, da tashoshi da gadoji, jirage na kai da kawowa. Girman da aka fi amfani da shi ana ce masa HO: an rage jirgin gaske sau 87, tazarar ƙarafan dogon kuma milimita 16.5 ce kacal.

Da yawansu a yau da tsarin DCC suke aiki, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro, ƙungiyar NMRA ta Amurka kuma ta mayar da shi ma'auni a shekarun 1990. Kowane kan jirgi na ɗauke da ƙaramar na'ura mai lambarta, wutar da ke bin dogon ita ce ke kai masa umarni. Da manhajoji irin su Engine Driver ko WiThrottle, wayar hannu ta isa a tuƙa jirgin.

Inda gizo ke saƙa

A wannan tsari dogon na ɗauke da wuta kullum, kimanin volt 14, ko jirgi na tafiya ko yana tsaye. Da zarar wani ƙarfe ya haɗa ɓangarorin biyu, abin da masu gyaran lantarki ke kira shot, na'urar ba da wuta sai ta katse nan take, duk jiragen su tsaya cak. Bayan ɗan lokaci ta dawo da wutar, kamar ba a yi ba. Matsalar da ba ta tsayawa a gan ta ita ce mai wahalar gyara.

Ba kuma abin sakaci ba ne. Na'ura mai amp 5 a kan volt 14 na iya zuba wat 70 a wuri ɗaya, zafin da ya kai na ƙarfen liƙa dalma. Idan ba ta katse da wuri ba, robar ƙafafun jirgi na narkewa, siraran wayoyin cikinsa su ƙone.

Waɗanda aka fi zargi

Na farko shi ne wurin canjin layi, inda ƙarafa masu wuta mabambanta ke kusantar juna. Ƙafar ƙarfe mai faɗi, ko wadda tazararta ta goce, kan taɓa biyun a lokaci guda. Na biyu shi ne 'yar tsagar da ake bari don raba wuta: idan ɗaki ya yi zafi ƙarfe na miƙewa ya rufe ta, da sanyi ya sauka ta sake buɗewa. Shi ya sa wani layin ke aiki lafiya da safe, ya rikice da rana.

Akwai kuma ƙananan ƙusoshi da maganaɗisun injin ke tsinta, da layin da ke zagayowa ya komo kan kansa, wanda dole sai an sa masa na'urar juya wuta. Jirage masu fitar da sauti ma kan zuƙi wuta da yawa lokacin kunnawa, har na'urar ta ɗauka shot ne.

Yadda ake farautarsa

Ƙa'idar ita ce a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. A sauke dukkan jirage daga dogon. Idan wutar ta ci gaba da katsewa, laifin na dogo ne ko na waya. Idan ta tsaya, a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ana rubuta wanda ya jawo katsewar da inda ta faru. Jirgi ɗaya a wurare da yawa, jirgin ne. Jirage da yawa a wuri ɗaya, wurin ne.

A nan wayar hannu ke da rana. A kashe fitilar ɗaki, a saita kyamara a kan ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya daidai wurin da ake zargi. Tartsatsin da ido bai kama ba zai fito ƙarara.

Sai gwajin kwandala: a ɗora tsabar kuɗi a kan ƙarafan biyu a sassa daban-daban. Duk inda wutar ba ta katse nan take ba, wayoyin wurin sun yi siriri ko haɗinsu ya yi sako-sako, kuma can ne gobara ke iya tashi.

Maganin dindindin shi ne a cike tsagogin da siririyar roba, a gyara tazarar ƙafafu da ma'aunin NMRA, sannan a kasa layin gida-gida, kowane sashe da na'urar katse wutarsa. Daga nan, in shot ya sake zuwa, sashe ɗaya ne zai mutu, kuma shi ne zai nuna inda za a fara dubawa.