Abin da direba zai sani kafin ya tsallaka da mota zuwa Benin, Togo da Ghana

Hanyar da ta tashi daga Legas ta bi ta Kwatano da Lome zuwa Accra tana cikin hanyoyin da fataken Najeriya suka fi bi a Afirka ta Yamma. Duka ƙasashen huɗu ta hannun dama ake tuƙi. Najeriya ta koma dama a 1972, Ghana ta biyo baya a 1974. Wannan kamanni ne ke yaudarar direbobi da yawa, su ɗauka cewa babu abin da ya sauya bayan sun wuce iyakar Seme.

Abu na farko da ke sauyawa shi ne wanda ke da ikon wucewa a mararraba. Benin da Togo sun gaji tsarin Faransa, inda ƙa'idar ita ce a duk mahaɗar da babu danja ko allon alama, motar da ta ɓullo daga dama ita ce za ta fara wucewa, ko da daga ƙaramin titi ta fito. Direban da ya saba da cewa mai babban titi shi ne mai gaskiya zai iya afka wa mota, kuma laifin a kansa zai faɗa. Allo mai ruwan ɗorawa da farin gefe, mai kusurwa huɗu a karkace, shi ke nuna cewa titin da mutum yake kai ne ke da fifiko. Allo mai kusurwa uku da tsininsa ya kalli ƙasa kuwa yana nufin a dakata a ba da hanya. A shataletalen da aka kafa irin wannan allon, na ciki ne ke da hanya. Inda babu shi, mai shigowa ne. A Kwatano, ga kuma 'yan acaɓa masu rawayar riga, waɗanda yawansu kaɗai ya isa ya sa baƙo ya rage gudu.

A Ghana, dokar hanya ta 2012 ta ƙayyade gudun kilomita 50 a awa cikin gari, 90 a manyan hanyoyi, sai 100 a babban titin Accra zuwa Tema.

Batun takardu ba shi da sarƙaƙiya, amma nan ne aka fi ɓata wa matafiya lokaci: fasfo, katin rigakafin cutar shawara, lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke bayarwa, da takardun mallakar mota na asali. Idan motar ba ta direban ba ce, ya riƙe takardar izinin mai ita. A kowace iyaka, jami'an kwastam na ba da takardar shigar da mota na wucin gadi, mai wa'adi a jiki, kuma motar da ta wuce wa'adin tana iya fuskantar tara ko kamu.

Takardar da aka fi rainawa ita ce katin inshorar ECOWAS, wanda aka kafa bisa yarjejeniyar da aka sanya wa hannu a Kwatano a 1982. Tun daga Janairun 2023, hukumar kula da harkokin inshora ta Najeriya ta haɗa shi cikin inshorar mota ta tilas, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 ga motar gida. Duk da haka, jandarma a Togo ba zai gamsu da bayanin baki ba, don haka a karɓi takardar daga kamfanin inshora kafin a tashi. Katin yana biyan diyyar rauni, rai ko dukiyar wanda aka buge ne kawai. Gyaran motar direban na wuyansa.

Idan haɗari ya auku a Benin ko Togo, kada a gusar da mota sai jami'an tsaro sun zo sun auna wurin sun rubuta rahoto, domin da rahoton ne ofishin katin na ƙasar zai duba batun diyya. Sulhun bakin titi, wanda aka saba da shi a gida, yana iya barin baƙo ba shi da hujja idan maganar ta sake tasowa.

Togo da Ghana suna bayan Najeriya da awa ɗaya. Mai lissafin isa iyakar Aflao kafin duhu ya tuna da wannan.