Gaɓa nawa ce a cikin Wednesday?

Duk wanda ya kalli Wednesday, sunan ranar Laraba da Turanci, zai ce gaɓa uku ce: Wed-nes-day. Haka ake tsinka wa yara kalmar a allo don su riƙe rubutun. Amma a bakin yawancin mutanen Ingila da Amurka gaɓa biyu ce rak, Wenz-dei, kuma murya ta fi nauyi a kan ta farko. Harafin d na farko ba ya fita, e na tsakiya ma haka, s kuwa ta koma z.

Dalilin yana cikin tarihi. A tsohon Turanci sunan na nufin ranar Woden, wani abin bautar mutanen Ingila kafin Kiristanci ya kafu a can. Baki ya yi ta sassaƙe kalmar, alƙalami kuma ya tsaya inda yake. Har yau akwai masu ɗan taɓa d ɗin a wasu sassan Birtaniya.

Bahaushe yana da nasa ƙarin aikin. Gaɓar Hausa ba ta farawa ko ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa muke cusa wasali, kamar yadda bread ya zama burodi. Nan kuwa n da z da d sun haɗu ba wasali a tsakani, sai a ji ɗalibi ya ce Wedinesde. Gyaran ba wuya: a ce wen, a ja z kamar ƙarar ƙudan zuma, sannan a sauke dei ba tare da an tsaya ba.