Hutu ma horo ne

Kai ɗan kokowa na Tasawa ko na Mayahi, kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, makaɗa sun fara kira a dandali. Burinka a zaɓe ka cikin mutum 10 da za su tsaya wa jahar Maraɗi a kokowar takobi. Buri ne mai kyau. Da aka fara wannan gasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ne ya zama sarki. To, amma ta yaya ƙarfi yake shiga jiki?

Idan ka yi gudu cikin rairayi, ko ka yi kamu mai tsanani, tsokar jikinka tana samun ƴan ƙananan raunuka da ido ba ya gani. Shi ya sa kake tashi da tsamin jiki. Sai ka ci, ka kwanta, sannan jiki yake gyara su, har tsokar ta fi da ƙarfi. Ka ga ke nan, wahala tana shuka, hutu ne yake nunar da amfani. Ko gona, in ba a bar ta ta huta ba, ai gajiya take yi.

Saboda haka, in ka yi horo mai nauyi yau, gobe ka sassauta. Tsokar da ta wahala tana son kamar kwana 2 kafin ta koma daidai. Ka ƙara nauyin aiki kaɗan-kaɗan, mako bayan mako. Ka yi barci awa 8. Ka sha ruwa sosai, ka guji horo da tsakar rana. Fura da nono, wake, gujiya, ƙwai da nama suna gina tsoka.

Jiki yana magana, ka saurare shi. In barci ya ƙi, abinci ya fita ranka, zuciya tana bugawa da sauri tun da asuba, wanda kake kayarwa ya fara ba ka wuya, to ka zarce ƙima. Ka huta kwana biyu ko uku. Kada ka sha tiramol. Ɓoye ciwo yake yi, ba ya warkarwa, kuma yana kama mutum. Ciwon da ya ƙi tafiya, a kai shi likita.

Idan ya rage mako ɗaya a yi zaɓe, ka rage horo. Gara ka shiga fili da kuzarinka, da ka bar shi a bayan gari.