Ko Kun Sani? Gundumar Maricopa Mai Zafi

Gundumar Maricopa da ke jihar Arizona ita ce ta huɗu a yawan jama'a cikin gundumomin Amurka. Ƙidayar 2020 ta nuna tana da mutum miliyan 4.4, wato fiye da rabin al'ummar jihar, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma 'yan asalin Latin Amurka ne. Phoenix, babban birnin jihar, a cikinta yake.

Gundumar tana cikin hamadar Sonora ne, ruwan saman da take samu a shekara da ƙyar yake kai milimita 200. Zafi kuwa sai wanda ya gani. A ranar 26 ga Yuni 1990 ya kai digiri 50 a Phoenix, a 2023 kuma an jera kwana 31 yana haura digiri 43. A irin wannan lokaci kwalta kan ƙona fatar wanda ya faɗi a kanta, ƙarfen bel ɗin mota ma ba ya taɓuwa. A shekarar 2023 kaɗai zafi ya yi ajalin mutum 645 a gundumar, da yawansu marasa matsuguni.

Duk da haka jama'a sai tururuwa suke yi, saboda ayyukan yi da kuma hunturu mara tsanani, wanda ke jawo tsofaffi 'yan fansho zuwa garuruwa irin su Sun City, da aka gina musu a 1960. Na'urar sanyaya ɗaki ce ta sa zaman ya yiwu. Wani kaso na ruwan sha kuma daga kogin Colorado ake jawo shi, ta magudanar da ta haura kilomita 500.