Wasan Kurket

Yaron da ya tashi a unguwar Ƙofar Dawanau, cikin birnin Kano, ya san langa, ya san ƙwallon ƙafa. Amma akwai wani wasa da yaran makarantun firamare na ƙasashe da yawa suke yi, wanda ba kowane yaron Kano ne ya taɓa gani ba. Sunansa kurket.

Asalin wasan daga Ingila ne. Turawa ne suka zo da shi ƙasar nan, har a 1904 mutanen Ikko suka kara da na ƙasar da yanzu ake kira Gana. A Arewa kuwa, ɗaliban Kwalejin Katsina sun yi shi ƙwarai. Cikinsu har da Ahmadu Bello, wanda ya shiga kwalejin a 1926, daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato.

Ga yadda ake yi. Ana raba 'yan wasa kashi 2, kowane kashi mutum 11. A tsakiyar fili sai a kafa turaku 3 a jere, a ɗora 'yan ƙirare 2 a kansu. A auna yadi 22, a sake kafa waɗansu turaku 3. Kashi ɗaya su ne masu bugu, sai su aiko da mutum 2, kowa ya tsaya gaban turakunsa, riƙe da katako mai faɗi kamar filafilin kwalekwale. Ɗaya kashin su bazu cikin fili, ɗayansu ya zama mai jifa.

Nufin mai jifa shi ne ya ka da turaku. Ba a yarda ya yi jifa irin na mai korar tsuntsu a gona ba. Sai ya sheƙo a guje, ya juyo hannunsa ta bisa kai, ba tare da ya lanƙwasa ya miƙe ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba sabon shiga wuya. In ya yi jifa 6, sai wani ya karɓa daga ɗaya gefen.

Mai bugu kuwa, aikinsa ya tsare turakunsa, ya kuma bugi ƙwallo nesa. In ya buga, shi da ɗan'uwansa sai su ruga su yi musayar wuri, sun ci 1 ke nan. In ƙwallo ta gangara har ta wuce iyakar fili, sun ci 4. In ta tsallake iyakar a sama ba ta taɓa ƙasa ba, sun ci 6.

To, ga inda wasan yake da zafi. A ƙwallon ƙafa yaro yakan yi kuskure sau goma, ya ci gaba da wasa. A kurket kuskure ɗaya ya isa. In ƙwallo ta ka da turaku, mai bugu ya fita. In ya buga wani ya cafe kafin ta faɗi ƙasa, ya fita. In yana cikin gudu aka jefi turaku bai iso ba, nan ma ya fita. Alƙalin wasa ya ɗaga yatsa ɗaya sama, shi ke nan. Yaro ya saɓi katakonsa ya koma gefe, ko da yana ganin ba a yi masa daidai ba, gama ba a gardama da alƙali. Yaro mai garaje, wanda yake son ya ci 6 tun jifan farko, sau da yawa shi ne farkon zama a inuwa yana kallon 'yan'uwansa. In mutum 10 suka fita, sai masu jifa su karɓi bugu.

Ƙwallon manya tana da tauri kamar goruba, an rufe ta da jar fata, tana iya fasa baki ko karya yatsa. Saboda haka manya suke ɗaura matashi a ƙwauri, su sa hular kwano. Yaran firamare ba su bukatar wannan. Ƙwallon roba mai laushi ta isa, kafinta na unguwa ya fafe musu katako, kara 3 kuma su zama turaku. Sai dai a share fili tukuna, don ƙasar Kano da rani tauri gare ta, tsakuwa ɗaya tana iya karkatar da ƙwallo ta sami yaro a ido.

Kada kuma a ce wasan na maza ne kaɗai. A watan Janairu na 2025, 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka tafi Malesiya gasar duniya. Suka gamu da 'yan matan Niyu Zilan, ƙasar da ta daɗe da gwaninta a kurket. 'Yan Nijeriya suka ci 65, abokan karawarsu suka tsaya a 63.